Ƙanjamau da Kwaroron Roba: Darasin Tarihi Daga Ƙasar Sin Zuwa Ƙofar Galadima



Gabatarwa

Kafin in shiga cikin magana, ya wajaba in nemi gafara wurin dattawan da ke zaune a nan, domin abin da zan yi bayani a kansa yau yana cikin abubuwan da Bahaushe ba ya faɗa a gaban surukinsa, balle a zauren jami'a. Amma kowa ya san abin da ya sami wanda ya ɓoye ciwonsa ga mai magani. Ni ba likita ba ne, malamin Hausa ne, saboda haka ta fuskar tarihi da ta harshe zan dubi wannan al'amari, in bar wa likitoci abin da yake nasu.

Dalilin da ya sa na ɗauki wannan batu kuwa ba nesa yake ba. A wajejen Ƙofar Galadima na tashi, a cikin birnin nan na Zariya, kuma akwai wani da muka yi makarantar allo tare da shi, wanda ya rasu yana ɗan shekara talatin da 'yan kai. A wurin zaman makoki aka ce taifod ne, wasu suka ce sammu. Ba a yi shekara biyu ba matarsa ta bi shi, daga baya kuma jaririn da ta bari. Mu sa'o'insa mun san irin harkar da yake yi a ɓoye, amma babu ɗayanmu da ya taɓa ce masa uffan game da kariya, domin ba mu da kalmar da za mu faɗa wadda ba zagi ba ce. Matar nan kuwa ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Tun daga lokacin nake tambayar kaina ko akwai wata al'umma mai kunya kamar tamu da ta sami kanta a irin wannan hali, da kuma yadda ta yi. Da na je karatu ƙasar waje na duba, sai na tarar tarihin ƙasar Sin ya fi na Turai da Amurka kama da namu. Zan kasa maganata kashi biyar: cututtukan ɓoye a ƙasar Hausa kafin ƙanjamau, bayyanar ƙanjamau a duniya, abin da ya faru a Sin, abin da ya faru a Nijeriya, sa'an nan maganar da muka ƙi yi.

Cututtukan Ɓoye Kafin Ƙanjamau

Cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, kuma harshensa shi ne shaida. Muna da kalmar tunjere, muna da ciwon sanyi, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa wurin mai tallar magani a kasuwa ya ji ana kiransu. Abin lura a nan shi ne yadda aka raɗa sunan ciwon sanyi. An jingina ciwon ga sanyi, watau ga damina da tsallake fitsari da zama a wuri mai laima, don mai ciwon ya sami damar neman magani ba tare da an tambaye shi inda ya kwana ba. Wannan sakayawa tana da amfani, domin tana tsare mutunci, tana kuma da illa, domin tana ɓoye hanyar da cutar take bi.

Magabatanmu malamai ba su ɗauki maganar al'aura a matsayin abin da ba a koyarwa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya rubuta littattafai a kan magani, har da wanda ya keɓe ga ciwon basir. Littafin Risala, wanda ake karantawa a zaurukan birnin nan tun kaka da kakanni, ya kawo cututtukan da ke ba miji ko mata damar warware aure idan an ɓoye musu, kuma ciwon al'aura yana cikinsu. Ashe ke nan tun da can shari'a ta san cewa lafiyar abokin zama hakki ce, ɓoye cuta gare shi kuma zalunci ne.

Zuwan Turawa ya canza yadda mutane suke tafiya. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, ba da daɗewa ba aka ja wata ƙaramar hanyar jirgi daga nan zuwa wuraren haƙar kuza na Jos. Aka kafa Sabon Gari da Tudun Wada a bayan ganuwa, aka sami barikin soja da tashar mota da gidajen mata masu zaman kansu. Samari suka riƙa barin gida wata da watanni don cin rani ko aikin lebura. Daga nan ne kalmar bariki ta tashi daga sunan wuri ta zama sunan hali, har ake cewa ɗan bariki. Mutanen cikin birni suka ɗauka cewa ganuwa ta raba su da wannan duniya, alhali kuwa ƙofofin a buɗe suke, kuma wanda ya kwana a Sabon Gari da safe a cikin birni yake karin kumallo. Da allurar fenisilin ta zo, wadda aka fara warkar da tunjere da ita a 1943, sai mutane suka saba da cewa ciwon ɓoye abu ne na allura biyu ko uku. A kan wannan sakankancewa ƙanjamau ta same mu.

Bayyanar Ƙanjamau da Komawa ga Kwaroron Roba

Ranar 5 ga watan Yuni na 1981 hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton samari biyar a birnin Los Angeles masu wani irin ciwon huhu da ba a cika gani ba sai ga wanda garkuwar jikinsa ta karye. Dukansu masu neman maza ne, saboda haka da farko aka ɗauka cutar tasu ce su kaɗai. A 1983 Luc Montagnier da Françoise Barré-Sinoussi suka gano ƙwayar cutar a Cibiyar Pasteur ta Faransa. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa ƙwayar ta tsallako ne daga birai zuwa mutane a kudu maso gabashin Kamaru, ta yaɗu a birnin Kinshasa tun wajen 1920, kuma hanyar jirgin ƙasa da ta ruwa suka taimaka mata. Watau ta yi shekara sittin tana tafiya tsakanin maza da mata kafin a san da ita.

Kwaroron roba kuwa, ko kororon roba kamar yadda wasu suke faɗa, ya girmi ƙanjamau nesa ba kusa ba. Wani likitan Italiya, Gabriele Falloppio, ya bayyana wata sutura ta ƙyalle don kariya daga tunjere a littafinsa da aka buga a 1564. Bayan Charles Goodyear ya gano yadda ake sarrafa roba a 1839 aka fara yin na roba, a shekarun 1920 kuma aka sami mai laushi irin wanda aka sani yau. Amma yawancin mutane abin tsarin iyali suka ɗauke shi. Waɗanda suka fara mayar da shi garkuwar ƙanjamau su ne waɗanda cutar ta fara kashewa. A 1983 Richard Berkowitz da Michael Callen, tare da likitansu Joseph Sonnabend, suka buga wani ɗan littafi a New York suna koya wa 'yan'uwansu yadda za su kare kansu, tun gwamnatinsu ba ta ce komai ba.

Ya kamata a faɗi abin da bincike ya tabbatar, ba ƙari ba ragi. Ƙwayar cutar ba ta ratsa robar. Idan ana amfani da ita kullum, tana rage haɗarin kamuwa da kimanin kashi 80 cikin ɗari tsakanin namiji da mace, da kimanin kashi 70 cikin ɗari tsakanin namiji da namiji. Abin da ya rage yawanci daga kuskuren amfani ne: zafin rana yana lalata ta, haka ma daɗewa, kuma duk wani mai, ko basilin ne ko man gyaɗa ko man kaɗanya, yana cinye ta har ta yage. Daɗin daɗawa, ƙididdigar hukumar nan ta Amurka ta nuna cewa a cikin saduwa dubu goma da mai cutar ba tare da kariya ba, mace takan kamu a sau 8 ta hanyar da aka saba, amma wanda aka sadu da shi ta baya yakan kamu a sau 138. Wannan bambanci na halittar jiki shi ne babban dalilin da ya sa cutar take saurin yaɗuwa tsakanin masu neman maza a kowace ƙasa.

Abin da Ya Faru a Ƙasar Sin

A 1985 aka sami mutum na farko mai ƙanjamau a Sin, wani baƙo ɗan yawon buɗe ido da ya mutu a asibiti a Beijing. Hukumomi suka ce cutar baƙi ce, ta lalacewar Turawa, suka mai da hankali ga tsare iyakoki. A 1989 sai aka gano mutum 146 masu cutar a garin Ruili na lardin Yunnan, cikin masu yi wa kansu allurar ƙwaya. A shekarun 1990 kuma ta shiga ƙauyukan lardin Henan ta hanyar cinikin jini, inda talakawa manoma suke sayar da ruwan jininsu ana amfani da kayan aiki marasa tsabta. Likitoci mata biyu, Wang Shuping da Gao Yaojie, su suka tona wannan al'amari, kuma dukansu biyu sun sha wuya a hannun hukuma, a ƙarshe a Amurka suka ƙare rayuwarsu.

A duk tsawon wannan lokaci babu mai maganar maza masu neman maza. Ana kama su a ƙarƙashin dokar iskanci har zuwa 1997 da aka soke ta, kuma sai a 2001 aka cire halin nasu daga jerin cututtukan taɓin hankali. Kamar yadda namu suke da kalmomin sakayawa, su ma suna kiran junansu tongzhi, kalmar da 'yan jam'iyyar gurguzu suke kiran abokin gwagwarmaya da ita. Babban abin da ya sa na ce sun yi kama da mu shi ne matsayin aure. A tarbiyyar Sinawa, wadda ta samo asali daga koyarwar Confucius, ɗan da bai haifa wa iyayensa jika ba ya yi babban saɓo, kuma dokar haihuwar ɗa ɗaya, wadda ta yi aiki daga 1980 zuwa 2015, ta ƙara wa ɗan tilo nauyi. Don haka da yawa daga cikin waɗannan maza sukan yi aure don su faranta wa iyaye, su ci gaba da harkarsu a ɓoye. Matan da suka sami kansu a irin wannan aure har suna aka raɗa musu, ana ce musu tongqi.

Waɗanda suka fara fasa wannan shiru ɗaiɗaikun mutane ne. Wan Yanhai ya buɗe layin wayar ba da shawara a kan ƙanjamau a Beijing a 1992, ya rasa aikinsa na gwamnati a dalilin irin wannan aiki. Wani likitan fata na birnin Qingdao, Zhang Beichuan, ya fara buga wata 'yar mujalla a 1998, ana raba ta hannu da hannu tsakanin waɗannan maza, tana bayanin cutar da amfani da kwaroron roba cikin harshen da suke ganewa. Gwamnati ba ta farka sosai ba sai da annobar SARS ta 2003 ta nuna mata tsadar ɓoye cuta. Ranar 1 ga Disamba na wannan shekara Firayim Minista Wen Jiabao ya je asibitin Ditan ya yi musafaha da masu ƙanjamau a gaban 'yan jarida. Aka fito da shirin gwaji da magani kyauta, a 2006 kuma aka yi dokar da ta wajabta ajiye kwaroron roba a wuraren taruwar jama'a da hukuma ta ayyana, irin su masaukan baƙi.

Amma an riga an makara. Binciken da aka yi a birane 61 a tsakanin 2008 da 2009, wanda ya haɗa maza fiye da dubu 47, ya sami kashi 4.9 cikin ɗari suna ɗauke da cutar, zuwa 2015 kuma adadin ya kai kimanin kashi 8. A 2006 kashi 2.5 cikin ɗari ne kawai na sababbin masu cutar da aka gano suka same ta ta wannan hanya, amma a 2014 sun wuce kashi 25. Da hukumomin lafiya suka ga haka, sai suka koma aiki da mutanen kansu, suna ba ƙungiyoyinsu kayan gwaji da kwaroron roba su kai inda ma'aikacin gwamnati ba zai iya shiga ba. Wani tsohon ɗan sanda, Ma Baoli, wanda ya kafa manhajar waya mai suna Blued a 2012, yana cikin waɗanda Li Keqiang, mataimakin Firayim Minista a lokacin, ya gana da su a wannan shekara a kan yaƙi da cutar. Gwamnatin Sin ba ta halatta auren jinsi ba, kuma ta sha rufe ƙungiyoyin waɗannan mutane. Abin da ta yi shi ne ta raba aikin likita da aikin ɗan sanda, a lokacin da ta ga cutar tana neman shiga gidajen aure.

Bugu da ƙari, masu bincike a Sin sun yi ta cin karo da abu guda: sanin cutar ya yawaita, amma amfani da kariya a kowane lokaci bai kai sanin ba. Mutum yakan yi amfani da ita da baƙo, ya bar ta da wanda ya saba da shi, domin fito da ita kamar zargi ne. Da matarsa kuwa ba ya ko kusantar ta, domin za ta tambayi dalili, ga kuma iyaye suna jiran jika. Ina roƙon masu sauraro su riƙe wannan batu, don za mu sake gamuwa da shi a gida.

Nijeriya da Ƙasar Hausa

A 1985 aka gano masu cutar na farko a Nijeriya, aka ba da sanarwa a 1986, lokacin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yana Ministan Lafiya. Mu ma, kamar Sinawa, muka ce cutar baƙi ce, wasu ma suka ce ƙarya ce Amurkawa suka ƙirƙiro. Gwajin da ake yi wa mata masu ciki a asibitoci ya nuna kashi 1.8 cikin ɗari a 1991, ya hau zuwa 5.8 a 2001. A watan Agusta na 1997 Olikoye ya fito ya shaida wa duniya cewa ƙanjamau ce ta kashe ƙanensa, mawaƙi Fela, kuma wannan ya sa mutane da yawa suka yarda cewa cutar gaskiya ce. Aka kafa kwamitin ƙasa na yaƙi da cutar a 2000, wanda ya zama hukumar NACA a 2007. Aka fara shirin ba da magani a 2002, aka mai da shi kyauta a 2006, da taimakon Asusun Duniya da shirin PEPFAR na Amurka. Babban binciken gida-gida na 2018 ya sami kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49, watau kimanin mutum miliyan 1.9 a ƙasa baki ɗaya, kuma shiyyarmu ta Arewa maso Yamma ita ce mafi ƙaranci, da kashi 0.6.

Sunayen da muka ba cutar sun nuna yadda muka karɓe ta. Ƙanjamau daga ƙanjamewa take, watau mun san ta ne da kamannin mai mutuwa. Samari suka ce mata kabari kusa. Waɗannan sunaye sun tsorata mutane, amma sun yi ɓarna biyu: sun sa ana ganin mai ƙiba ba ya ɗauke da ita, sun kuma sa wanda ya kamu yana ganin gwaji ba shi da amfani. Shi ya sa nake goyon bayan masana harshe da suka fi son a ce cuta mai karya garkuwar jiki, domin wannan suna aikin ƙwayar yake bayyanawa.

Shi kuwa kwaroron roba, ƙungiyar Society for Family Health ta yaɗa samfurin Gold Circle har kantunan ƙauye, amma a ƙasar Hausa ya gamu da zargi iri biyu: cewa lasisin zina ne, da cewa dabarar rage yawan Musulmi ce. Kada mu raina wannan zargi, domin yana da tushe a abin da mutane suka gani. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 ya bar tabo, kuma yana cikin abin da ya jawo ƙauracewa allurar shan inna a 2003. Maƙwabtanmu sun nemi hanyarsu. A Nijar ƙungiyar Animas-Sutura ta sa wa nata samfurin suna Foula, watau hula, sunan da mutum zai iya faɗa a kanti ba tare da ya sunkuyar da kai ba. A Senegal malaman Musulunci sun yi babban taro a kan cutar a 1995, suka ɗauki wa'azin kamewa da tausaya wa maras lafiya, suka bar wa ma'aikatan lafiya nasu aikin, kuma yawan masu cutar a can ya daɗe a ƙasa da kashi 1 cikin ɗari. A Kano, auren zawarawa da Hisba ta fara ɗaurawa a 2012 ya zo da sharaɗin gwaji, a 2024 kuma jihar ta yi dokar gwaji kafin aure. Wannan ci gaba ne, sai dai gwajin ranar ɗaurin aure ba ya tsare abin da zai faru bayan shekara biyar.

Maganar da Muka Ƙi Yi

Yanzu na zo inda gizo yake saƙa. Akwai masu cewa neman maza baƙon abu ne da Turawa suka kawo, amma harshe bai goyi bayansu ba. Kalmar luwaɗi tana cikin littattafan fiƙihu da hukuncinta, kuma ba a yanka hukunci a kan abin da babu shi. Kalmar ɗan daudu ma tsohuwa ce. Daudu laƙabin Galadima ne, kuma manazarta da dama suna danganta 'yan daudu da Ɗan Galadima na bori, iskan nan ɗan sarki mai ado da kyauta da caca. Ya kamata a bambance abu biyu. Ɗan daudu shi ne namiji mai kwaikwayon mata a magana da sana'a, kamar dafa abinci da suyar kaji a tasha, kuma ba kowane ɗan daudu ne yake neman maza ba. Waɗanda suke yi kuwa, da yawansu babu alamar daudu a jikinsu: magidanta ne, 'yan kasuwa da ma'aikata da ɗalibai, suna kiran junansu masu harka. Rudolf Gaudio, wanda ya yi bincike a Kano ya buga littafinsa a 2009, ya nuna cewa yawancinsu suna ɗaukar aure da haihuwa wajibi, kamar kowane Bahaushe. Ga tongqi ɗinmu ke nan, sai dai mu ba mu ba su suna ba.

Alƙaluman gwamnatin Nijeriya kanta sun nuna girman abin. Binciken da Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta yi a 2007, wanda ya haɗa da Kano, ya sami kashi 13.5 cikin ɗari na maza masu neman maza suna ɗauke da cutar. A 2010 adadin ya zama 17.2, a 2014 ya kai 22.9. A daidai lokacin da cutar take raguwa a cikin sauran jama'a, a nan hawa take yi. Idan muka tuna cewa mutum ɗaya yana iya zama da mata biyu ko uku, ga saki da sake aure sun yawaita, za mu ga cewa kashi 0.6 da muke taƙama da shi ba ganuwa ba ce.

Hukuncin addini a kan wannan aiki sananne ne, haka ma na doka: jihohin Arewa goma sha biyu sun kafa dokokin shari'a daga 2000, kuma Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi a watan Janairu na 2014, mai ɗaurin shekara 14. Ban zo nan don in yi fatawa ba. Abin da tarihi ya rubuta shi ne, wani bincike da aka yi a Abuja, aka buga a mujallar Lancet HIV a 2015, ya sami cewa masu tsoron zuwa asibiti a cikin waɗannan maza sun tashi daga kashi 25 cikin ɗari kafin dokar zuwa kashi 38 bayanta. Wanda ya ji tsoron asibiti ba ya gwaji, ba ya shan magani, gida yake komawa wurin iyalinsa.

Wannan kuwa babbar asara ce, domin ilmin magani ya yi nisa. Tun 1996 aka sami haɗin magungunan da ke danne ƙwayar. Bincike ya tabbatar, musamman wanda aka buga a 2011 da na 2019, cewa wanda yake shan maganinsa har ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya sa wa abokin kwanansa. An amince da ƙwayar rigakafi a Amurka a 2012, a 2025 kuma da allurar lenacapavir da ake yi sau biyu a shekara. Duk da haka kwaroron roba bai tsufa ba, domin shi ne yake kare tunjere da ciwon sanyi tare da ƙanjamau, shi ne mafi araha, kuma dakatar da taimakon ƙasashen waje da gwamnatin Amurka ta yi a watan Janairu na 2025 ya tuna mana cewa maganin da wani yake saya maka yana iya yankewa ran da ya ga dama.

Kammalawa

Daga wannan tarihi na fitar da abu huɗu. Na farko, Sin da Nijeriya duka sun ɓata shekaru suna cewa cutar baƙi ce, kuma a cikin waɗannan shekaru ne ta yi saiwa. Na biyu, a New York da Qingdao duka, saƙon kariya bai shiga ba sai da ya fito daga bakin wanda mutanen suka amince da shi, cikin kalmomin da suke amfani da su. Na uku, ƙasa tana iya riƙe al'adarta da dokarta, ta kuma bar ƙofar asibiti a buɗe ga kowa, likita ya riƙe sirrin maras lafiya kamar yadda rantsuwarsa da dokar hana tsangwamar masu cutar ta 2014 suka ɗora masa. Na huɗu, wadda ta fi kowa cutuwa da shirunmu ita ce matar da ke cikin gida da abin da za ta haifa.

Malamanmu na fiƙihu suna da ƙa'idar cewa idan cuta biyu suka haɗu a ɗauki mafi sauƙi, kuma su ya kamata su duba inda wannan ƙa'ida ta shafi mutumin da wa'azi bai riga ya ratsa shi ba, alhali yana da iyali. Mu kuma malaman Hausa namu aikin shi ne kalmomi. A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan kuma Hukumar NORLA ta buga littattafan yaƙi da jahilci a shekarun 1950, waɗanda suka koya wa manya karatu da tsabta da kiwon lafiya cikin Hausa mai sauƙi. Ina kira ga sashenmu da Asibitin Koyarwa na Shika su zauna tare su fitar da kalmomin da likita zai yi tambaya da su ba tare da ya ci mutunci ba, waɗanda aboki zai gargaɗi abokinsa da su, mace kuma ta nemi mijinta su je gwaji tare ba tare da an ce ta yi rashin kunya ba. Da muna da irin waɗannan kalmomi a lokacin da abokin nan nawa yake da rai, wataƙila da ɗayanmu ya yi masa magana.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.